Shokolan safe: yaushe sukari ya shiga ciki?

Jama'ar Tondibiya, shokolan da yaranmu ke sha kafin su tafi lakkwal, asalinsa ba shi da zaƙi. Mutanen Aztek na Meziko da ɗacinsa suke shan kakawo, har da barkono. Turawan Sifaniya ne suka zuba masa sukari a ƙarni na 16. A 1828 Van Houten na Holand ya fito da injin matse man kakawo, aka samu garinsa. Nesquik ta zo a 1948, kuma yau in kun duba bayan gwangwaninta, sukari aka fara rubutawa, don shi ya fi yawa.

To uwargida, nemi garin kakawo zalla: cokali 1, madarar gari cokali 3, ɗan citta. Sukari rabin cokali ya ishi kofin yaro, haƙoransa su huta.