Matan Reni da Ranar da Maza Suka Tafi Karɓar Diyya

  Sauran shafuka sun kawo namu tarihin, da lissafin asusu, da addu'a ga waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. A wannan shafi kuma sai mu ɗaura zani mu tafi Indiya. To amma ku cire Indiyar fim daga ranku, mai rawa da waƙa a cikin furanni. Can arewa za mu je, cikin duwatsun Himalaya kusa da iyakar Tibet, inda wata 'yar ƙungiyar matan ƙauye ta tare masu saran katako ranar 26 ga Maris, 1974.

Sunan ƙauyen Reni, a gundumar Chamoli. A wancan lokaci yana cikin jihar Uttar Pradesh, tun shekarar 2000 kuma ya koma sabuwar jihar Uttarakhand. Yana lafe ne a jikin dutse, daidai inda kogin Rishiganga ya haɗu da Dhauliganga, su kuma su gangara su faɗa Alaknanda, wanda yake ɗaya daga manyan rassan kogin Ganga. Mutanen wurin 'yan ƙabilar Bhotiya ne, 'yan asalin waɗannan tsaunuka. Sana'arsu ta kaka da kakanni kiwo ne da fatauci: su ɗora hatsi a bayan tumaki da awaki su haye zuwa Tibet, su dawo da gishiri da ulu. Yaƙin Indiya da Sin na 1962 ya sa aka rufe iyaka, fataucin ya mutu murus. Soja ya karɓi filaye, gwamnati ta fasa duwatsu ta yi hanyoyin mota. Hanyar nan da aka yi wa soja, ita ɗan kwangila ya biyo da gatarinsa.

Dajin kuwa ya daɗe da barin hannun masu shi. Turawan Ingila suna bukatar katakon shimfiɗa layin dogo, sai suka yi dokar gandun daji ta 1878, manyan dazuzzuka suka zama na hukuma. An sami 'yancin kai a 1947, tsarin bai motsa ba. Ma'aikatar gandun daji za ta yi wa bishiyoyi alama, ta yi gwanjonsu, mai kuɗi daga birni ya saya, ya zo da leburorinsa daga wani gari. Mutumin ƙauye kuwa sai ya nemi izini kafin ya sari iccen da zai gyara rufin ɗakinsa.

Wa ya fi jin wannan a jikinsa? Ba sai an faɗa muku ba. Maza da yawa sun tafi ci-rani ko aikin soja. Mace ce ke noman 'yar gonar da aka sassaƙa a jikin dutse, ita ke hawa neman itacen girki, ita ke yanko ganyen da shanu za su ci, ita ke ɗebo ruwa. Kuma ita ta fi kowa sanin cewa ruwan da dajin tafiyarsu ɗaya. Saiwa ce ke riƙe ƙasa, busasshen ganyen da ya zuba ya sha ruwan sama ya riƙa sakinsa sannu a hankali zuwa marmaro. In aka aske dutse, marmaro ya ƙafe da rani, da damina kuma ƙasar ta zaftaro da duk abin da ke kanta.

Haka aka gani a watan Yulin 1970. Alaknanda ya yi ambaliyar da tsofaffi ba su taɓa ganin irinta ba. Ya tafi da gadoji da hanyoyi da motocin fasinja, ya share wani gari mai suna Belakuchi. Cikin waɗanda suka fita aikin ceto akwai 'yan wata ƙungiyar gama kai ta garin Gopeshwar, mai suna Dasholi Gram Swarajya Sangh, wadda wani mutum mai bin tafarkin Gandhi, Chandi Prasad Bhatt, ya jagoranci kafawa a 1964. Irin tamu ce, ta masu ƙaramin ƙarfi: suna haɗa kai su karɓi aikin hanya, suna ƙera kayan noma, suna sarrafa ƙaron bishiya, suna tattara ganyayen magani su sayar. Da suka bi ƙauye-ƙauye suna raba agaji, sai suka lura cewa inda aka fi sare daji, nan ƙasa ta fi zaftarewa.

Abin da ya tunzura su bai taka kara ya karya ba. Sun roƙi ma'aikatar gandun daji 'yan bishiyoyi na wani icce mai ƙwari da rashin nauyi, wanda da shi ake yin karkiyar shanun noma. Aka ce babu. Ba a jima ba sai ga labari cewa an ba kamfanin Symonds na birnin Allahabad irin iccen nan, a dajin Mandal da ke kusa da su, don ya ƙera kayan wasanni. Karkiyar manomi ba ta samu ba, sandar buga tanis ta samu! A watan Afrilun 1973 mutanen ƙauyuka suka fito da ganguna suka tare ma'aikatan kamfanin, suka ce duk bishiyar da za a sara za su rungume ta, sai dai gatari ya fara ta kansu. Ma'aikatan suka juya. Daga nan sunan Chipko ya fito, wato “manne” ko “rungume” a harshen Hindi.

To, a farkon 1974 aka yi gwanjon bishiyoyi kusan 2,500 a dajin da ke saman Reni. Aka yi ta taruka a ƙauyuka da zanga-zanga a Joshimath, babban garin yankin. Hukuma da ɗan kwangila suka ga in dai maza na nan, aiki ba zai yiwu ba. Sai aka yi dabara. Kuɗin diyyar filayen da soja ya karɓa, waɗanda aka yi shekaru ana ja wa mutane rai a kansu, kwatsam aka ce kowa ya je Chamoli ya karɓa ranar 26 ga Maris. Wa zai ƙi? Maza suka ɗunguma suka tafi. Shi kuma Bhatt manyan jami'an gandun daji suka kai masa ziyara a Gopeshwar a ranar, ya kasa tashi ya bar baƙi. Leburori suka sauka daga mota kafin a kai ƙauye, suka zagaya ta wata hanya suka nufi daji. A lissafin masu dabara, ba kowa a Reni. Mata da yara ne kawai.

Wata yarinya ce ta hango su, ta ruga ta gaya wa Gaura Devi.

Bari mu tsaya a kan wannan baiwar Allah. An haife ta a 1925 a ƙauyen Lata da ke kusa. Ba ta yi makaranta ba. An yi mata aure tana ƙarama, mijinta ya rasu tana da shekara 22, ya bar ta da ɗa guda. Ita ta rene shi da noma da sana'ar ulu. A 1972 matan Reni suka zaɓe ta shugabar ƙungiyarsu, Mahila Mangal Dal, irin ƙungiyar taimakon kai da kai da ake samu a ƙauyukan yankin, mai kula da tsaftar gari da dajin jama'a. A ganina nan ne gishirin labarin yake, kuma nan ne masu ba da shi suka fi tsallakewa. Mu da muka san wahalar tara mata goma a taron wata, wannan tana daka, waccan yaronta ba lafiya, wata maigida bai dawo ba, mun san ba a tara mata 27 cikin ɗan lokaci su bar tukunya a kan murhu su hau dutse, sai in sun riga sun saba jin kiran juna. Shekara biyu suna zaman da ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai. Yarinyar ma da ta ruga, ai ta san ƙofar da za ta nufa.

Suka iske leburorin suna shirin abinci. Da farko lallashi suka yi. An ruwaito cewa Gaura Devi ta ce musu dajin nan gidan iyayensu ne, da kalmar da matan can ke kiran gidan da aka haifi mace. Wannan magana ba ta bukatar fassara a wurinmu. Gidan da ake zuwa goyon ciki, gidan da ake komawa in zama ya yi zafi, inda ba a tambayarki me kika zo yi. Ta ce daga nan suke samun itace da ganye da magani, in aka sare shi dutsen zai rufto kan gidajensu da gonakinsu. Wasu cikin masu kula da aikin sun sha sun bugu, suka hau zagi, ɗaya ya nuna bindiga. Ta tsaya a gabansa ta ce ya fara harbinta kafin ya taɓa dajin. Leburorin nan su ma talakawan duwatsu ne daga wani yanki, suna da uwaye irin waɗannan. Jikinsu ya yi sanyi, suka tattara gatura. Matan suka raka su ƙasa, suka kwana suna gadin hanyar cikin sanyin dutse. Washegari maza suka dawo, labari ya bazu, ƙauyukan kewaye suka cika wurin. Bayan kwana huɗu ɗan kwangila ya haƙura.

Masu tarihi har yau suna saɓani kan ko an rungumi bishiya a zahiri a ranar. Ni dai ban ga abin da wannan ya rage ba. Bishiyoyin dai ba a sare su ba.

Babban ministan jihar, Hemwati Nandan Bahuguna, ya kafa kwamitin masana. Kwamitin ya ce matan ne ke da gaskiya, wurin ba zai jure sara ba. Aka hana saran kasuwanci na shekara 10 a faɗin fiye da murabba'in kilomita 1,000. Yunƙurin ya bazu zuwa wasu gundumomi, wani jagoran mai suna Sunderlal Bahuguna ya kai shi kunnen duniya, kuma a farkon shekarun 1980 gwamnatin Indira Gandhi ta sa aka hana saran ɗanyen icce na shekara 15 a tsaunukan jihar. A 1987 aka ba Chipko lambar yabo ta Right Livelihood a ƙasar Suwidin.

Akwai wani abu da ya faru a 1980 a ƙauyen Dungri-Paintoli wanda ya kamata iyayen gida su ji, ba don tsokana ba. Hukuma ta zo da shirin sare dajin wata bishiya da suke kira banj, mai riƙe ruwa wadda ganyenta abincin shanu ne, don a yi gonar irin dankali. Aka yi alkawarin hanya da ayyukan yi da sauran abubuwan more rayuwa. Mazan majalisar ƙauye suka amince. Matan suka ce ba da su ba, tunda ba a tambaye su ba, kuma ƙafarsu ce za ta biya ƙarin tafiyar neman itace. Nan rigimar ta shiga cikin gida, tsakanin miji da mata, kuma matan suka hana saran. Mazan ba mugaye ba ne, hanya da aiki abin so ne. Sai dai an zauna an yi ciniki da kayan da wanda ya fi amfani da su ba ya wurin zaman.

Da a nan labarin ya ƙare, da sai mu yi guɗa mu tashi. Amma hanin da aka samu bai mayar da dajin hannun masu shi ba. Dokar kare daji ta 1980 ta ce duk aikin da zai taɓa filin gandu sai an sami izini daga Delhi, sai ya zama hanyar ƙauye da bututun ruwan sha suna shekaru suna jiran takarda. A 1982 aka mayar da yankin dutsen Nanda Devi gandun da gwamnati ta killace. Aka hana kiwo a makiyayar da kakanninsu suka yi kiwo, aka hana tsinkar ganyen magani, aikin dakon kayan masu hawan dutse ya tsaya. Mutanen Reni da Lata, su da suka tsaya gaban bindiga don dajin, su aka fara rufe wa ƙofa. Da can an hana su don a sayar wa ɗan kwangila, yanzu an hana su don a kare dajin daga gare su. Gaura Devi ta rasu a 1991 tana ganin wannan. A 1998 mutanen Lata da maƙwabtansu suka yi gangami suka kutsa cikin gandun da dabbobinsu, don nuna cewa haƙƙinsu ne.

Abin da ya fi ciwo shi ne, dokar da ta tare makiyayi ba ta tare manyan kamfanoni ba. Aka gina tashar samar da lantarki a kan kogin Rishiganga, a gindin Reni. A 2019 mutanen ƙauyen suka kai ƙara babbar kotun jiha, suna kukan fasa duwatsu da nakiya da zubar da ɓaraguzai a bakin kogi. Ranar 7 ga Fabrairun 2021 wani ƙaton ɓangaren dutse da ƙanƙara ya ɓalle daga can sama, ruwa da laka suka taho suka share tashar, suka tafi da gadar Reni, suka afka wa wata tashar da ake ginawa a Tapovan. Mutum fiye da 200 suka mutu ko suka ɓace, akasarinsu ma'aikatan tashoshin nan biyu.

A watan Yunin shekarar, ruwan sama ya sake zaftare hanyar da ke ƙasan ƙauyen, gidaje suka tsattsage. Hukuma ta ɗauke mutum-mutumin Gaura Devi da aka kafa a Reni ta kai shi Joshimath don kada ya rufta. Masanan ƙasa da aka turo suka duba, suka ba da shawarar a tashi ƙauyen a sake masa matsuguni. Shi kansa Joshimath ɗin, a watan Janairun 2023 nutsewar ƙasarsa ta yi ƙamari, ɗaruruwan gidaje suka tsage, aka kwashe iyalai da dama cikin tsakiyar hunturu.