BABI NA BIYU: TARIHIN FINAFINAN KATUN NA SARARIN SAMANIYA DA DANGANTAKARSU DA WASANNIN NA'URA

2.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin manufar wannan bincike da farfajiyarsa da kuma hanyoyin da aka bi wajen gudanar da shi. A wannan babi kuwa za a waiwayi tarihin finafinan katun na ƙagaggun labaran kimiyya, musamman waɗanda suka shafi tafiye-tafiye da yaƙe-yaƙe a sararin samaniya. Abin da ake nufi da katun a nan shi ne fim ɗin da aka zana hotunansa ɗaya bayan ɗaya, da hannu ko da na'ura mai ƙwaƙwalwa, aka jera su suna wucewa da sauri har ido ya ga kamar suna motsi. A ƙa'idar silima, hotuna 24 ne ke wucewa a cikin daƙiƙa guda.

Akwai ra'ayoyi biyu da suka daɗe suna bin irin waɗannan finafinai. Na farko shi ne cewa katun abin lallashin yara ne kawai. Na biyu kuwa, wanda ya fi shafar na sararin samaniya, shi ne cewa ba su da maraba da wasannin na'ura, wato kumbo ya harbi kumbo, wuta ta tashi, shi ke nan. Idan har waɗannan ra'ayoyi sun tabbata, to babu hujjar ɗora finafinan a kan ma'aunin nazarin adabi, kuma shi kansa wannan bincike ya rasa madafa. Saboda haka ya zama wajibi a bi tarihin daki-daki domin a ga inda kamannin ya samo asali da kuma inda ya tsaya.

2.1 Mafarin Katun

A shekarar 1908 ne Bafaranshen nan Émile Cohl ya fitar da Fantasmagorie, wanda ake ɗauka a matsayin ɗaya daga cikin finafinan farko da aka yi da zanen hannu zalla. Bayan shekara goma, wato a 1918, Winsor McCay na Amurka ya fitar da The Sinking of the Lusitania. Wannan fim ya nuna yadda jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus ya nutsar da wani jirgin fasinja a shekarar 1915, inda mutane fiye da 1,100 suka halaka. Da yake babu wanda ya ɗauki hoton abin a lokacin da ya faru, sai McCay ya yi amfani da zane ya maye gurbin kyamara. Wannan ya nuna ke nan tun farkon al'amari an yi amfani da katun wajen isar da saƙon da ba na raha ba.

Abin da ya jingina katun ga yara ya zo ne daga baya, kuma dalilinsa kasuwanci ne. Nasarar da kamfanin Walt Disney ya samu da Snow White and the Seven Dwarfs a 1937 ta sa sauran kamfanoni suka bi sahun tatsuniya da waƙa. Da talabijin ta yaɗu a Amurka, sai gidajen talabijin suka ware safiyar Asabar don nuna wa yara katun tare da tallar kayan wasa. Daga nan ne jama'a suka riƙa kallon katun da yara a matsayin Ɗanjuma da Ɗanjummai.

2.2 Tseren Sararin Samaniya da Haihuwar Wasannin Na'ura

A watan Oktoba na 1957 Tarayyar Sobiyat ta harba tauraron ɗan Adam na farko mai suna Sputnik. A watan Afrilu na 1961 Yuri Gagarin ya zama mutum na farko da ya kewaya duniya a cikin kumbo, sannan a watan Yuli na 1969 Amurkawa suka sauka a kan wata. Wannan tsere ya cika zukatan marubuta da masu zane da injiniyoyi a lokaci guda.

A cikin wannan yanayi ne Steve Russell da abokansa na cibiyar fasaha ta MIT suka ƙirƙiro wasan Spacewar! a 1962 a kan wata na'ura da ake kira PDP-1. Wasan ya ƙunshi kumbuna biyu da ke harbin juna, ga kuma wani tauraro a tsakiya yana fizgar su. Bayan shekara guda, a ranar 1 ga Janairu 1963, aka fara nuna Astro Boy na Osamu Tezuka a talabijin ta Japan, wato labarin wani yaro mutum-mutumi. Domin ya iya fitar da shiri kowane mako da kuɗi kaɗan, Tezuka ya rage yawan zanen da ake yi, har ya zama zane ɗaya yakan tsaya a madadin hotuna uku, wato kimanin zane 8 a daƙiƙa. Wannan tsumulmula ta tilasta wa masu katun na Japan dogaro da ƙarfin labari da tsarin hoto maimakon yawan motsi.

Abin lura a nan shi ne, wasannin na'ura da katun na kimiyya sun taso kusan lokaci ɗaya, kuma daga rijiya ɗaya suka sha, wato tseren sararin samaniya da ƙagaggun labaran kimiyya da ake bugawa a mujallu. Har ila yau akwai dalili na fasaha. Sararin samaniya baƙi ne mai ɗigo-ɗigon taurari, don haka ya fi kowane wuri sauƙin nunawa a allon na'ura mai ƙaramin ƙarfi, haka kuma ya fi sauƙin zanawa ga mai katun da ke tattalin fenti da lokaci.

2.3 Gudummawar Faransa da Japan

A shekarar 1973 René Laloux ya fitar da La Planète sauvage, wanda Roland Topor ya tsara zanensa, aka kuma yi aikinsa a birnin Prague. Labarin ya faru ne a wata duniya inda wasu ƙattin halittu masu launin shuɗi suke ajiye 'yan Adam a gida kamar yadda ake ajiye kyanwa, sannan su riƙa feshe waɗanda suka gudu daji da guba kamar ƙwari. Jigon fim ɗin shi ne danniya da wariya da kuma yadda ilimi ke zama makamin wanda aka zalunta. Ya samu lambar yabo ta musamman a bikin finafinai na Cannes a wannan shekara, inda ya yi takara da finafinan da mutane na zahiri suka fito a ciki.

A Japan kuwa, an fara nuna Space Battleship Yamato a 1974, aikin Yoshinobu Nishizaki da Leiji Matsumoto. Yamato sunan wani katafaren jirgin ruwan yaƙi ne na Japan da jiragen saman Amurka suka nutsar a watan Afrilu na 1945. A cikin labarin, baƙin halittu sun lalata doron ƙasa da bama-bamai masu tururin guba, sai aka tono gawar jirgin aka mayar da shi kumbo, aka ba shi shekara ɗaya ya je wata duniya mai nisa ya kawo maganin tururin. Duk wanda ya san abin da ya faru a Hiroshima da Nagasaki zai gane cewa raunin yaƙin duniya na biyu ake sosawa. Shirin bai karɓu ba da farko, har aka taƙaita shi zuwa kashi 26, amma da aka harhaɗa shi ya zama fim ɗin silima a 1977 sai matasa da manya suka yi masa tururuwa.

Tasirin bai tsaya a silima ba. Tomohiro Nishikado, wanda ya ƙirƙiro wasan Space Invaders a kamfanin Taito a 1978, ya karkata ga jigon sararin samaniya ne a daidai lokacin da Yamato da Star Wars suke tashe. Ke nan a wannan mataki wasa ne ya ari kamannin fim. A 1979 kuma Yoshiyuki Tomino ya kawo Mobile Suit Gundam, inda ya nuna yara matasa da aka jefa cikin yaƙi tsakanin gwamnatin duniya da mazauna sararin samaniya masu neman 'yancin kai, kuma kowane ɓangare yana da mutanen kirki da azzalumai. A 1988 Katsuhiro Otomo ya fitar da Akira, mai zane fiye da 160,000, sannan Mamoru Oshii ya biyo da Ghost in the Shell a 1995, wanda ya tayar da tambayar mene ne ya rage na ɗan Adam idan aka musanya jikinsa da ƙarfe. Waɗannan biyu su ne suka fi jawo hankalin manazarta na Turai da Amurka ga katun na Japan.

2.4 Lokacin da Fim Ya Koma Kwaikwayon Wasa

Daga shekarun 1980 sai aron ya fara juyawa. Fim ɗin Tron na kamfanin Disney, wanda Steven Lisberger ya ba da umarninsa a 1982, ya jefa tauraronsa cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa inda aka tilasta masa buga wasanni da ransa. An haɗa 'yan wasa na zahiri da hotunan da na'ura ta zana, amma duk da sabuntar aikin bai shiga takarar Oska ta dabarun hoto ba. A ɗaya ɓangaren kuma, Don Bluth, wanda tsohon mai zane ne a Disney, ya zana katun sukutum don wasannin Dragon's Lair a 1983 da Space Ace da ya biyo baya.

Ƙarshen wannan tafarki ya bayyana a finafinai biyu. A shekarar 2000 Bluth da Gary Goldman suka fitar da Titan A.E., wanda ya cika da tseren kumbuna da harbe-harbe. Abin da ya samu a silima bai kai rabin abin da aka kashe masa ba, kuma kwanaki kaɗan bayan fitowarsa kamfanin Fox ya rufe sashensa na katun da ke Phoenix. A 2001 kuma Hironobu Sakaguchi, mahaliccin jerin wasannin Final Fantasy, ya fitar da Final Fantasy: The Spirits Within. An kashe masa kimanin dala miliyan 137, aka zana mutane da na'ura har da silin gashi da tabon fata, amma abin da ya dawo bai wuce kimanin dala miliyan 85 ba, kuma ɗakin aikin da aka gina masa a Honolulu ya rufe.

Ana iya kawo dalilai biyu na wannan faɗuwa. Na farko, daɗin wasa yana hannun mai bugawa ne, domin shi ke tuƙa kumbon, shi ke ci ko faɗuwa. Idan aka ɗauko tsere da harbi aka sa a fim, an cire wa mai kallo linzami, don haka dole a ba shi wani abu a madadinsa, wato taurarin da zai damu da makomarsu. Na biyu, masanin mutum-mutumi na Japan Masahiro Mori ya yi bayani tun 1970 cewa idan siffar da aka ƙera ta kusa zama mutum amma ba ta kai ba, takan haifar da ƙyama maimakon shaƙuwa. Fuskokin Final Fantasy sun faɗa wannan rami.

2.5 Karɓuwar Katun a Matsayin Fasaha

Hukumomin finafinai sun yi jinkiri wajen amincewa da katun. Ko da yake bikin katun na Annecy a Faransa ya fara tun 1960, sai a 2002 aka fara ba da kyautar Oska ta dogon fim ɗin katun. A wannan shekara ce kuma Spirited Away na Hayao Miyazaki ya samu babbar kyautar bikin finafinai na Balin. Ta fuskar sararin samaniya kuwa, WALL-E na Andrew Stanton, wanda kamfanin Pixar ya fitar a 2008, shi ne misali mafi ƙarfi. Da na'ura aka yi shi kamar Final Fantasy, kuma akwai kumbo da tsere a cikinsa, amma kashinsa na farko kusan babu magana, sai wani mutum-mutumi yana kwashe sharar da 'yan Adam suka bari bayan sun gudu daga duniya. Ƙungiyar masu sharhin finafinai ta Los Angeles ta zaɓe shi gwarzon fim na 2008 a kan duk finafinan shekarar, ya kuma ci Oska a 2009. Bambancinsa da waɗanda suka faɗi yana ga jigo da sarrafa shi, domin kayan aikin iri ɗaya ne.

2.6 Dangantakar Al'amarin da Ƙasar Hausa

Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce ga ɓangarorin biyu na wannan batu. Ta fuskar labarin, Umaru Dembo ya wallafa Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969, shekarar da aka sauka a kan wata, inda ya kai wani yaro Bahaushe yawon sararin samaniya. Ta fuskar zanen kuwa, Moustapha Alassane na Jamhuriyar Nijar, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015, yana cikin magabatan katun a Afirka. Ya samu horo a Kanada wurin Norman McLaren, kuma ya daɗe yana aiki a garin Tawa. Fim ɗinsa Bon Voyage Sim na 1966 ya yi amfani da kwaɗi wajen yi wa shugabannin Afirka na bayan mulkin mallaka zambo kan bukukuwan ziyarar aiki. Wannan dabara ta sakaya zance a bakin dabbobi ita ce dai ta tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, kuma babu manazarcin da ke musun cewa tatsuniya adabi ce don kawai yara ne suka fi sauraron ta.

2.7 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa kamannin da ke tsakanin finafinan katun na sararin samaniya da wasannin na'ura gaskiya ne, kuma ya samo asali daga tasowarsu a zamani ɗaya da aron da suka riƙa yi wa juna. An kuma ga cewa finafinan da suka tsaya ga kwaikwayon siffar wasa sun faɗi, alhali waɗanda suka ɗauki jigogi kamar yaƙi da danniya da gurɓatar muhalli sun samu karɓuwa a wurin masu kallo da masana. Saboda haka ana iya auna su da ma'aunin jigo da zubi da tsari da salo da taurari, kamar yadda ake auna wasan kwaikwayo da ƙagaggen labari. A babi na uku za a ɗora wannan ma'auni a kan finafinai uku daga cikin waɗanda aka ambata, wato La Planète sauvage da Space Battleship Yamato da WALL-E.