Garin Neman Gira: Tarihin Jirage Biyu da Ƙasa Ta Iske

Ƴan uwa, da yawanmu muna zaton in an danƙa jirgin sama ga na'urar da ke tuƙa shi da kanta, wadda ake ce wa pilot otomatik, to shi ke nan, matuƙi sai ya miƙe ƙafa. Ni dai tarihi ya nuna mini akasin haka, kuma ga hujjata guda biyu.

Daren 29 ga Disamba 1972, jirgin kamfanin Eastern mai lamba 401 ya taso daga Niyok zuwa Miyami, a Amurka, da mutum 176. Da za su sauka, ƴar fitilar da ke nuna tayoyin gaba sun fito ta ƙi kamawa. Sai suka fasa sauka, suka hau ƙafa 2000, wajen mita 600, suka bar jirgi a hannun na'ura, suka duƙufa kan fitila. Injiniya ma ya sauka ƙarƙashin ɗakin tuƙi don ya duba tayoyin da idonsa. Masu bincike sun fi zargin cewa garin juyawa kyaftin ya taɓa sitiyari, na'ura ta saki tsayin da aka ba ta. Jirgi ya dinga sulalewa a hankali. Ƙararrawar gargaɗi ta buga, ba wanda ya kula. Dare ne babu wata, ƙasa kuwa fadamar Everglades ce, ba ko fitila ɗaya. Da suka farga, saura daƙiƙu kaɗan. Mutum 101 suka rasu. Tayoyin fa lafiyarsu lau, ƙwan fitila ne ya mutu. Garin neman gira aka rasa ido.

Shekara kusan 20 bayan nan, ran 20 ga Janairu 1992, jirgin Air Inter ƙirar A320 ya taso daga Liyon zuwa Strasbourg, a Faransa. A nan na'ura ba ta saki komi ba, abin da aka ce mata shi ta yi. Abin da bincike ya fi rinjaya a kai: matuƙa sun so gangara ta digiri 3.3, amma na'urar tana kan wani tsarin, sai ta fahimci ƙafa 3300 a minti, wajen ninki huɗu. A allo, lambobin biyu kusan kamarsu ɗaya: 3.3 da 33. Jirgi ya daki dutse kusa da Sainte-Odile, 87 cikin 96 suka rasu.

An ɗauki darasi. Tun 1974 Amurka ta wajabta wa manyan jirage na'urar da ke kuwwa in ƙasa ta matso, wadda jirgin Air Inter bai da ita. Daga 1981 kamfanoni suka fara horar da matuƙa kan rabon aiki: ko me ya lalace, mutum ɗaya idonsa na kan tuƙi, kuma ƙarami na da ikon tsayar da babba. Airbus ta gyara allonta, gangarar minti ta koma lamba huɗu.

To, laifin wa? Wasu za su ce na inji, a koma tuƙin hannu. Ban yarda ba, don na'urar ta rage gajiya da kurakurai masu yawa. A ganina haɗarin yana wurin yarda. Abin da ya daɗe bai ba ka kunya ba, shi kake daina dubawa. Na'ura bara ce mai biyayya, ba ta tambayar ko abin da ka faɗa shi kake nufi. Wannan tambayar har yau aikin ɗan Adam ce.