Bikin Sabuwar Shekarar Sinawa da Takwarorinsa a Ƙauyukan Arewacin Kano

Gabatarwa

Maƙasudin wannan maƙala shi ne bin diddigin bikin sabuwar shekara na Sinawa mazauna Kano, tare da auna shi da al'adun juyin shekara na manoman Gezawa, Minjibir, Ɗambatta da Bichi, inda gona ke manne da gona.

Zuwan Sinawa Kano

Sinawan farko da suka kafu a Kano masu masana'antu ne daga Hong Kong, irin su zuriyar Lee, waɗanda suka iso a farkon shekarun 1960. Dalili kuwa shi ne harajin da Nijeriya ta ɗora wa kayan waje bayan samun mulkin kai, wanda ya sa ƙera kwanuka a cikin ƙasa ya fi shigo da su riba. Waɗannan kwanuka su ne suka ture ƙwarya daga jeren amare a karkara. Sai a 1971 aka ƙulla hulɗar jakadanci tsakanin Nijeriya da Sin. Rukuni na biyu, watau 'yan kasuwar atamfa, sun yawaita a Kantin Kwari bayan shekarar 2000. A 2019 Sarki Muhammadu Sanusi II ya naɗa Mike Zhang Wakilin 'Yan China.

Asalin Bikin da Sigarsa

Bikin manoma ne tun asali. Sinawa na lissafi da wata, amma sukan ƙara wata guda sau 7 a cikin shekara 19, don kada lissafin ya rabu da lokutan noma. Saboda haka ranar ba ta fita tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, lokacin da amfani ya shiga rumbu. Kafin ranar akan share gida, a biya bashi. Daren jajibiri iyali kan haɗu su ci su ƙoshi, manya su ba yara kuɗi cikin jar ambulan, a rufe da bikin fitilu a rana ta 15.

Bikin ya sha gwagwarmaya. A 1912 hukuma ta koma kalandar Turawa, a 1967 kuma aka soke hutunsa, sai a 1980 ya dawo sosai. A 2024 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun gado na duniya. A Kano, da yake tushen bikin komawa gida ne, Sinawa da dama kan tafi ƙasarsu. 'Yan Kwari ma kan ji a jikinsu, domin masaƙun Sin kan rufe, kaya su yi jinkiri.

Takwarorinsa a Karkara

Abin da Basine ya haɗa a biki ɗaya, Bahaushen karkara ya raba shi biyu. Na farko shi ne cika-ciki a watan Muharram, inda akan dafa abin da aka adana na naman layya, kowa ya ƙoshi, taubasai kuma su karɓi kuɗin shara. Amma shekarar Hijira kan gaza ta rana da kimanin kwana 11, don haka cika-ciki kan zagaya damina da rani. Na biyu shi ne kalankuwa, bikin kaka na samari da 'yan mata, da dambe da kokawa, wanda ke bin amfanin gona, ba shi da tsayayyar rana.

Kammalawa

A nan bambancin yake. Bikin Sinawa yana da rana sananniya, yana kuma tsaye a kan iyali, shi ya sa ya tsallake teku, ya rayu nesa da gona. Cika-ciki ya jingina da kalandar Musulunci, ya tsira. Kalankuwa kuwa ta dogara ga dandali da samarin ƙauye. Da cin rani ya janye samarin zuwa birni, malamai kuma suka soki cuɗanyar maza da mata, sai ta ja baya a garuruwa da yawa. Dattawan da suka ga kalankuwa a ganiyarta suna ƙarewa, kuma abin da ba a rubuta daga bakinsu ba, da su zai tafi.