Matsalar taimin injin bayan sauya kamshaf

Matsalar taimin injin bayan sauya kamshaf ita ce rashin daidaito tsakanin lokacin da bawul ke buɗewa da rufewa da lokacin da fistin ke hawa da sauka, wanda kan biyo bayan cire tsohon kamshaf da ɗaura wani. An fi samun ta idan mai mota ya yi aikin da kansa a gida, ko aka yi shi ba tare da littafin gyara na kamfanin da ya ƙera injin ba. Kuskuren kan zama ƙarami, wani lokaci haƙorin giya ɗaya kacal, amma yana iya hana mota tashi, ko ya lanƙwasa bawul har a sake sauke kan injin.

Ma'anar kalmomi

Yawancin kalmomin wannan fanni an aro su ne daga Ingilishi, makanikai suka daidaita su da lafazin Hausa. Kamshaf sandar ƙarfe ce mai ƙululu-ƙululu masu siffar ƙwai, waɗanda ke danna bawul ya buɗe idan sandar ta juya. Karanshaf shi ne babban ƙarfen da ke ƙasan injin, wanda ke mayar da hawa da saukar fistin zuwa juyi. Kalmar taimin tana da ma'ana biyu. Akwai taimin bawul, wato lokacin buɗewa da rufewarsa, akwai kuma taimin wuta, wato lokacin da fulogi ke ba da tartsatsi. Sauya kamshaf ya fi shafar na farko, amma a tsofaffin motoci masu distiribita yakan taɓa na biyun, domin a da yawa daga cikinsu kamshaf ne ke juya distiribita.

Yadda taimin ke aiki

Yawancin injinan mota suna bin tsarin matakai huɗu da Bajamushe Nikolaus Otto ya inganta a 1876: shaƙar iska da mai, matsawa, ƙonewa, da fitar da hayaƙi. Kafin matakan su cika, karanshaf yana juyawa sau biyu, wato digiri 720, kamshaf kuwa sau ɗaya. Shi ya sa idan bel ko sarƙa ɗaya ce ta haɗa su kai tsaye, haƙoran giyar kamshaf sukan ninka na giyar karanshaf.

Wannan lissafi ne ke nuna girman kuskuren haƙori ɗaya. Idan giyar kamshaf tana da haƙora 40, tsallake ɗaya daidai yake da digiri 9 na kamshaf, wanda ya zama digiri 18 na karanshaf. Domin kauce wa haka, kamfanoni kan sa alamomi a jikin giya da jikin injin. A yawancin injina ana saita su ne lokacin da fistin na silinda ta ɗaya ya kai ƙololuwar hawansa, matsayin da ake taƙaitawa da TDC.

Injina sun kasu biyu ta wannan fuska. A wasu, ko da taimin ya kauce gaba ɗaya fistin ba zai taɓa bawul ba. A wasu kuma, ciki har da mafi yawan injinan zamani da kusan duk na dizal, fistin da bawul suna shiga wuri ɗaya a lokuta daban-daban. A irin waɗannan, babban kuskuren taimin yana sa fistin ya bugi bawul.

Alamomi

Alamomin da aka fi gani sun haɗa da:
• injin yana juyawa idan an murza makulli amma ba ya tashi;
• yana juyawa da sauri da sauƙi fiye da yadda aka saba, abin da ke nuna ƙarancin matsi a silinda;
• yana tashi amma yana girgiza ko mutuwa idan an saki totur;
• ƙara kamar harbi ta salansa ko ta hanyar shigar iska;
• rashin ƙarfi da yawan shan mai;
• kunnuwar fitilar gargaɗin injin a gaban direba.

Dalilai

Dalili mafi yawa shi ne tsallake haƙori wajen ɗaura bel ko sarƙa. Sau da yawa alamomin sun daidaita da farko, amma da aka saki tenshona ya ja sakon bel, sai kamshaf ya ɗan gusa. A injina masu kamshaf biyu a kai ɗaya, akan yi kuskuren musanya na shaƙar iska da na fitar hayaƙi, domin suna kama da juna.

A motoci masu distiribita, akan dasa ta alhali silinda ta ɗaya tana ƙarshen fitar da hayaƙi maimakon ƙarshen matsawa. Fistin yana sama a duka lokutan biyu, don haka kuskuren yana da sauƙin faruwa, kuma wuta za ta riƙa zuwa a lokacin da ba shi ba.

Wasu injinan ba su da ɗan ƙarfen da ke kulle giya da sanda a wuri ɗaya, ƙarfin ɗaurin noti ne kaɗai ke riƙe ta. Waɗannan suna buƙatar kayan kullewa na musamman kafin a kwance su. Haka nan injina masu taimin mai sauyawa, irin su VVT-i na Toyota da VANOS na BMW, suna amfani da matsin baƙin mai wajen gusar da kamshaf. Idan aka ɗaura giyarsu ba ta koma makullinta ba, ko hanyar mai ta toshe, taimin zai kauce ko da alamomin waje sun yi daidai.

Wani dalilin kuma shi ne kamshaf ɗin da ba na injin ba. Wannan ya fi faruwa da kayan hannu, domin injin iri ɗaya yakan sauya daga shekara zuwa shekara. Sandar tana iya shiga wurinta daram, amma haƙoran da sensa ke karantawa sun bambanta, sai kwamfutar mota ta kasa gane matsayinta.

Hanyoyin bincike

Ƙa'idar ita ce a fara da ƙarfe kafin lantarki. Ana cire batir da fulogi, a juya karanshaf da sifana a hankali zuwa inda injin ke juyawa, sau biyu cikakku, sannan a sake duba alamomin giya. Idan aka ji ya cije, ba a tilasta shi, domin mai yiwuwa fistin ne ya taɓa bawul. A sarƙoƙi masu gaɓoɓi masu launi, launin yana amfani ne lokacin ɗaurawa kawai. Bayan juyi biyu ba ya komawa kan alamar, kuma wannan ba laifi ba ne.

Idan alamomi sun daidaita, sai a auna matsin kowace silinda. Ƙarancin matsi a dukkansu yana nuni ga taimin. Idan ɗaya ko biyu ne suka faɗi ƙasa sosai, ana zargin lanƙwasasshen bawul ko tazarar bawul da ba a saita ba. Gwajin hura iska cikin silinda yana nuna inda take zurarewa, ko ta salansa ko ta hanyar shaƙa.

Daga nan sai a karanta lambobin kuskure. Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996 suna da tsarin OBD-II. Lambobin P0016 da P0017 suna nufin bayanan sensar karanshaf da ta kamshaf ba su jitu ba, P0340 tana nuni ga layin sensar kamshaf, P0300 kuma rashin ƙonewa a silinda daban-daban. Idan P0016 ta fito nan da nan bayan aikin, yawanci sensa gaskiya take faɗa, kuma sayen sabuwa ba zai gyara komai ba. Ita kuwa P0340 wani lokaci soket ne aka manta ba a jona ba.

Rigakafi

Ana ɗaukar hoton alamomi kafin a kwance komai, a kwatanta sabon kamshaf da tsohon gefe da gefe, a duba lambarsa. Murafen da ke riƙe kamshaf suna komawa wurarensu na asali, kuma ana ɗaure su bi da bi da ma'aunin da littafin gyara ya faɗa, domin ɗaurin gefe ɗaya na iya karya sandar. Ana shafa mai a ƙululun kafin tashin farko. A tsofaffin injina masu tafet mai shafaffen ƙasa, ana sa sabbin tafet tare da sabon kamshaf, a bar injin yana gudu kimanin juyi 2,000 zuwa 2,500 a minti na tsawon minti 20 zuwa 30 domin ƙarafan su saba da juna. Duk da haka, ba a tayar da injin sai an juya shi da hannu an tabbatar babu abin da ke cijewa.