Kujerar Wankin Haƙori a Rayfield da Hanyar da Ta Biyo

Kowace shekara ana turo mana sababbin ma'aikata a asibitin haƙorin da nake aiki a Rayfield ta garin Jos, wasu don horon bayan makaranta, wasu 'yan bautar ƙasa, kuma kusan dukansu kuka ɗaya suke yi tun ba su daɗe ba. A makaranta sun koyi wankin haƙori da kula da dasashi, sun haddace cewa rigakafi ya fi magani. Amma mutanen da ke shigo mana ba rigakafi ke kawo su ba. Mutum zai zo kunci a kumbure, ya yi kwana da kwanaki bai runtsa ba, ya gwada kanumfari da ruwan gishiri da duk abin da mai kemis ya miƙo masa, maganarsa kuma ɗaya ce: "A cire min shi kawai in huta." Daga nan sai sabon ma'aikaci ya fara zargin ko karatun banza ya yi. Karatunsa yana da amfani, sai dai ba zai gane matsayinsa ba sai ya san ta inda wannan aiki ya biyo.

Asalin sana'ar wankin haƙori daga Amurka yake. Wani likitan haƙori mai suna Alfred Fones, a garin Bridgeport na jihar Konetikat, ya gaji da cire haƙoran da ya san da an kula da su da ba su lalace ba. Ya koya wa mataimakiyarsa Irene Newman yadda ake kankare dattin da ke daskarewa a gindin haƙori, a 1913 ya buɗe makarantar farko ta masu wannan aiki, a 1917 kuma Newman ta zama ta farko da aka ba lasisi. Abin da na fi so matasanmu su riƙe shi ne inda ɗaliban Fones na farko suka nufa bayan sun gama: makarantun firamare na garin, suna duba bakin yara suna koya musu goge haƙori. Ƙasar Niyu Zilan ta ɗauki irin wannan tunani a 1921, ta horar da mata ta rarraba su makarantu, har da ikon yi wa yara ciko. Waɗannan rassa biyu, mai wankewa da koyarwa da mai ƙaramin magani, su ne suka haɗu a aikin da muke yi yau a Najeriya.

A shekarar nan ta 1913 da Fones ya buɗe makarantarsa, Turawan kuza suna kafa filin wasan golf a nan Rayfield, wanda har yau yana nan. A lokacin unguwar ta manyan kamfanin haƙar kuza ce. Leburori kuwa, 'yan ƙasa Birom da waɗanda suka zo daga Kano da Katsina da Barno da sauran wurare, da waɗanda aka kawo aikin tilas lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, suna can barikokin ma'adinai. Likitocin haƙori a zamanin mulkin mallaka 'yan kaɗan ne, suna manyan garuruwa, kuma Turawa da manyan ma'aikata suka fi amfana da su. Leburan da haƙori ya tasa gaba, sai dai sassaƙe da saiwa, in abin ya ƙi a nemi mai awartaki.

Duk da haka kada wani ya ɗauka kakanninmu ba su san tsaftar baki ba. Aswaki ya riga buroshi zuwa ƙasar nan da ɗaruruwan shekaru. Musulmi ya riƙe shi sunna, yana yi a lokutan alwala, maƙwabcinsa da ba Musulmi ba shi ma da itacensa yake fita da safe. Wanda ya iya amfani da aswaki, ya bi haƙori ɗaya bayan ɗaya ciki da waje, ya datse bakin itacen in ya tsufa, bakinsa kan fi na mai buroshin da ke gogawa sama-sama a guje. Raunin aswaki shi ne da wuya ya kai bayan turamen can ciki da tsakankanin haƙora, kuma mai dirzawa da ƙarfi yana janye dasashinsa. Ga shi sinadarin fuloraid da ke tare da shi bai kai na man goge baki ba. Don haka ni ban taɓa ce wa dattijo ya yar da aswakinsa ba. Nakan ce, "Baba, a ci gaba da shi da rana, amma safe da dare a haɗa da buroshi da makilin." Sabon ma'aikacin da ya fara da raina aswaki ya rasa kunnen dattijon tun kafin ya gama magana.

Abin da ya canza bakin mutanenmu sukari ne. A da ciwon dasashi ya fi damun manya, kogon haƙori kuwa bai yawaita a karkara ba. Sai ga lemon kwalba da alewa da biskit, ga shayin mai shayi da ake zuba wa sukari cokali bayan cokali, a garin da sanyi ke sa mutum ya nemi abu mai zafi safe da yamma. Yanzu yaro bai kai ga famfara ba haƙoransa sun riga sun rube, uwar kuma ta ce ai za su zube wasu su fito. Ba ta san cewa turmin farko na dindindin yana fitowa ne wajen shekara 6, a bayan na yarinta, ba tare da wani ya faɗi ba, kuma shi ne ya fi saurin lalacewa don kowa na ɗaukarsa na wucin gadi.

Horar da irinmu a cikin gida ya fara ne a Legas a shekarun 1950, a makarantar gwamnatin tarayya da aka kafa don masu haɗa haƙoran roba da masu tsaftar baki. A 1982 aka mayar da ita Inugu, kuma an daɗe duk wanda ke son wannan karatu daga Arewa sai ya niƙa gari ya tafi can. Likitocin haƙori kuwa Jami'ar Legas ce ta fara horar da su a 1966, Arewa ba ta samu nata sassan ba sai bayan shekaru da dama. Sai a 1993, da Doka mai lamba 81, aka kafa hukumar da ke yi mana rajista tana kula da horonmu. Kafin nan manyanmu sun yi aiki ba tare da wata hukuma tasu ta kansu ba, ana ganinsu 'yan miƙa wa likita kaya. Har yau ragowar wannan kallo tana nan. Sabon ma'aikaci zai ji ana kiransa likita a bakin ƙofa, a cikin ɗaki kuma a nuna masa iyakarsa. Shawarata gare shi ita ce ya san iyakar da doka ta shata masa, ya tsaya a kanta da mutunci, abin da ya fi ƙarfinsa ya miƙa wa likita ba tare da jin kunya ba. Mai cire turmin babba a ɓoye don a ce ya iya, kansa da sana'ar yake cuta.

Jos tana da nata gurbi a wannan tarihi. A ƙarshen shekarun 1980 gwamnatin tarayya da Hukumar Lafiya ta Duniya suka kafa cibiyar bincike da horo kan lafiyar baki a garin nan, wadda aka yi don ƙasashen Afirka gaba ɗaya. Kasancewarta ta sa ma'aikatan Filato suka saba da tunanin fita cikin jama'a a duba bakin mutane tun ciwo bai kawo su ba. A wannan zamanin ne kuma aka ɓullo da wata dabara a Tanzaniya, ta kankare ruɓar haƙori da kayan hannu a cike da wani farin sinadari, ba injin huda ba wutar lantarki. Duk wanda wuta ta taɓa ɗauke masa yana tsakiyar aiki, janareta kuma ba mai, ya san darajar wannan dabara.

Akwai darasin da Filato ke koya wa baƙon ma'aikaci wanda ba ya mantawa. Saurayi ko budurwa za su zo da haƙora masu ratsin fari da ruwan ƙasa, su ce a wanke. Wanda bai sani ba sai ya duƙufa da kankara yana zaton goro ne ko taba. Tambaya ɗaya za ta raba gardama: a ina ka girma, wane ruwa ka sha kana yaro? Sau da yawa amsar Langtang ce ko kewayenta, inda bincike ya daɗe da nuna cewa fuloraid ya yi yawa a ruwan rijiya da na burtsatse. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 1.5 a kowace lita. In ya zarce haka yana shiga jikin haƙori tun yana tsirowa a cikin dasashi, kuma babu wankin da zai fitar da shi. Sinadarin da muke shafa wa yaran cikin gari don kare su daga kogo, shi ne yawansa ke ɓata murmushin yaran wancan yanki. Gaya wa budurwa gaskiyar wannan yana buƙatar taushin harshe, a nuna mata cewa ba ƙazanta ba ce, sannan a tura ta wurin likitan da zai iya rufe tabon.

Wasu canje-canjen cuta ce ta tilasta su. Manyanmu sun ba mu labarin zamanin da ake sa hannu tsirara a bakin mutum, a dafa kayan aiki a ruwan zafi a ce an gama. Bayan an tabbatar da cutar ƙanjamau a Najeriya a 1986, ga kuma ciwon hanta, safar hannu da takunkumi da tukunyar turara kayan aiki suka zama wajibi. Korona ta 2020 ta ƙara tuna mana cewa injin wankin haƙori yana watsa feshin yawu a ɗaki. Wannan fanni ne da ba na yi wa sabon ma'aikaci sassauci a kai, ko layi ya kai bakin titi.

Abin da ya fi ci min rai shi ne na yara. A 2008 wani maganin fitar haƙori mai suna My Pikin, wanda aka samu guba a cikinsa, ya kashe yara fiye da 80 a ƙasar nan, wasu a Zariya. Iyayen sun saya ne saboda imanin nan da ya zama ruwan dare, cewa fitar haƙori ce ke kawo zazzaɓi da gudawa. Yaro yana fara haƙori wajen wata 6, daidai lokacin da yake rarrafe yana kai komai baki, ana kuma fara ba shi kunu da ruwa. Gudawar daga nan take, kuma asibiti take buƙata. Sai cutar da likitoci ke kira noma, wadda ke farawa da gyambon dasashi a bakin yaron da yunwa ko ƙyanda ta raunana, cikin 'yan kwanaki ta cinye kunci da leɓe. Farfesa Cyril Enwonwu ya shafe shekaru yana bincike a kanta. An buɗe asibitinta na musamman a Sakkwato a 1999, a Disambar 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan da aka yi sakaci da su, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta. A matakin farko, wanke baki da maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. Wannan aikinmu ne tsantsa, amma sai in muna wurin da yaron yake.

A nan ne nake ganin mun kauce. Tun 2012 Najeriya ta ƙaddamar da manufar ƙasa kan lafiyar baki, wadda ta ce a shigar da wannan aiki cikin kiwon lafiya na matakin farko. Amma yawancinmu muna cikin birane. A Rayfield, unguwar gidan gwamnati da manyan gidaje, akwai masu zuwa wankin haƙori a kan kari, har da masu neman a ƙara musu fari kafin biki. Hakkinsu ne, kuma da kuɗinsu ake biyan albashi. Sai dai tafiya kaɗan daga nan, a ƙauyukan Du da Zawan da Gyel, akwai yaran da babu wanda ya taɓa ce musu su buɗe baki a gani, kuma masu da'awar ciro tsutsa daga haƙori suna cin kasuwarsu a ranakun kasuwa.

Ƙanena, ƙanwata, da kuka karɓi aiki bana: hannunku zai yi sauri da kansa, ciwon baya da wuya zai ragu in kun koyi zama daidai a kujera, wannan duk lokaci ne ke kawo shi. Wanda ya ce a cire masa haƙori, ku saurare shi, likita ya yi abin da ya dace, amma kada ya fita ba ku duba sauran bakin ba, ku kuma tambaye shi yaransa nawa a gida. Ku koyi gaisuwa da Birom kamar yadda kuka iya da Hausa. Ku nemi izinin shugabanku ku je firamaren da ke kusa da ku, ku je ɗakin awon ciki ranar da mata suka taru, ku nemi limami da fasto su ba ku minti 10. Gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi kuma, muna roƙo a buɗe mana guraben aiki a asibitocin matakin farko, ko da ma'aikaci ɗaya ne a kowace gunduma, da kujera da kayan hannu.