Rashin haihuwa: Idan dashen ƙwai ya ƙi kamawa

A shekarar 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum ɗaya cikin shida na fuskantar matsalar rashin haihuwa a rayuwarsa.

Tun haihuwar Louise Brown a Ingila a 1978, ma'aurata da dama sun samu ƙaruwa ta hanyar dashen ƙwai, wato IVF. Sai dai ba kowane dashe ke kamawa ba, musamman idan mace ta haura shekara 35.

Sake bincike

Idan aka yi ta dashe bai kama ba, likitoci kan sake duba mahaifa ko akwai ƙari ko tabo, su kuma sake gwada maniyyin miji. Idan maniyyin ne ke da rauni, akan cusa ƙwayarsa guda cikin ƙwan matar da allura.

Ya kamata ma'aurata su tambayi asibiti yawan jariran da aka haifa, ba yawan cikin da ya shiga kawai ba, da jimillar kuɗi, da mai ba da shawara kan damuwa.

Hukunci

A 1986, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar OIC ta halatta dashen tsakanin miji da matarsa, amma ta haramta aron ƙwai ko maniyyi ko mahaifar wata.